Ƙugiya mai tashi ko helikwafta mai ciki: wanne ya dace da kaya masu nauyi?

Idan kaya ya kai tan 9 ko 10, kuma inda za a kai shi babu titi, babu layin dogo, babu filin saukar jirgi, to magana ta koma kan manyan jirage masu saukar ungulu. Su kuwa gida biyu ne. Akwai wanda tun farko aka ƙera shi don ya zama ƙugiyar ɗaga kaya mai tashi sama, ba shi da ciki sam, kayansa a ƙarƙashinsa suke rataye. Akwai kuma mai ƙaton ciki, wanda ake loda masa mutane da motoci ta ƙofar baya, in ta kama kuma a rataya masa kaya a ƙasa. Jagoran gidan farko shi ne CH-54 Tarhe na kamfanin Sikorsky, wanda farar hula suka fi sani da S-64 Skycrane, sai takwaransa na Tarayyar Sobiyet, Mi-10. A gida na biyu akwai CH-47 Chinook da CH-53K na Amurka, da Mi-26 na Rasha.

Mai neman zaɓe, ko rundunar soja ce ko hukumar agaji ko kamfanin gine-gine, yakan fara da tambayar wanne ya fi ɗaukar nauyi. A ganina tambayar da ke raba gardama ita ce: kayan nan kai shi za a yi ko ɗora shi za a yi? Kai kaya wuri mai nisa a dire shi a fili wani aiki ne. Ɗora ƙarfe a kan ƙarfe har ramukan kusoshi su haɗu, alhali jirgi yana tsaye a iska, wani aiki ne daban. Wanda ya amsa wannan tambaya da gaskiya ya ci rabin zaɓensa.

Bari mu fara da ƙugiyar, domin ita ce baƙuwar halitta a cikinsu. S-64 ya fara tashi ranar 9 ga Mayu, 1962, bayan Sikorsky ya gwada dabarar da wani ƙaramin samfuri, S-60, tun 1959. Rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta saye shi ta sa masa suna Tarhe, sunan wani sarkin ƙabilar Wyandot. Wanda ya gan shi a tsaye zai ce mazari ne: kai a gaba inda matuƙa ke zama, sai dogon ƙashin baya siriri har wutsiya, injuna biyu a tsirara a bisa, da dogayen ƙafafu biyu a warwatse. Inda ciki ya kamata ya kasance, iska ce kawai. Masu ƙira sun yi lissafin cewa duk kilo ɗaya na bango da daɓe da kujera da ƙofa, kilo ɗaya ne da aka rage daga abin da jirgin zai ɗaga, saboda haka suka zubar da su duka. Sakamakon ya fito a ma'auni. CH-54A nauyinsa ba kaya bai kai tan 9 ba, amma yana ɗaga tan 9, wato yana ɗaukar kwatankwacin kansa. CH-54B, da aka ƙara wa injunansa ƙarfi daga doki 4,500 zuwa 4,800 kowanne, ya kai tan 11 da ɗoriya. A kwatanta da Mi-26, wanda shi kansa ya haura tan 28 kafin a sa masa ko kwali, don ya ɗauki tan 20.

Wannan rashin nauyi ya sa jirgin yana hawa sama kamar an cilla shi. A watan Nuwamban 1971 wani CH-54B ya yi tafiya a miƙe a tsayin da ya ɗan haura mita 11,000, inda jiragen fasinja ke bi. Ba wanda zai sayi jirgi don wannan, amma yana nuna irin rarar ƙarfin da ke jikinsa.

Abin da ya fi raba shi da sauran kuwa kujera ce guda ɗaya. A bayan matuƙa biyu da ke fuskantar gaba akwai matuƙi na uku, yana zaune a wani ɗan ɗaki na gilashi, ya juya baya, yana kallon igiyar da kayan da ke rataye. Yana da nasa sandunan tuƙi. Idan an iso kan wurin aiki, na gaba sai ya miƙa masa jirgin. A ɗauka ana haɗa dogon turken wutar lantarki a kan tsauni: an riga an kafa gindin, jirgi ya zo da kashi na biyu yana lilo a ƙarƙashinsa. Matuƙin baya yana ganin kusurwoyi huɗu na ƙarfen da idonsa, yana ganin na ƙasa su ma, sai ya riƙa sassauta jirgin taƙi-taƙi, ya ɗan matsa hagu, ya dakata iska ta wuce, har ƙafafun kashin sama su zame cikin 'yan ƙarafan jagora da aka walda a kan na ƙasa. Da ya ga ya zauna daram, sai ya saki maratayin. Kamfanin Erickson ya ƙara wa jirgin wata na'ura da ke hana kayan juyawa, har matuƙi ya iya karkata shi yadda yake so, don haka sau da yawa ba a bukatar mutum ya hau turken ya tarbi ƙarfen da hannu, sai jirgi ya tafi ma'aikata su hau su ɗaure kusoshi.

A Chinook na soja ba haka abin yake ba. Matuƙa ba sa ganin kayan, domin yana can ƙarƙashinsu ta baya. Wani ma'aikacin jirgi ne ke kwanciya rub da ciki yana leƙe ta wata ƙofa a daɓe, yana faɗa musu ta rediyo: gaba kaɗan, dama kaɗan, sauka, sauka, tsaya. Wannan ya wadatar a ajiye igwa ko tankin ruwa a fili. Amma tsakanin idon mai leƙe da bakinsa da kunnen matuƙi da hannunsa akwai ɗan jinkiri, kuma a aikin da kuskuren taƙi ɗaya ke lanƙwasa ƙarfe, wannan jinkirin ba ƙarami ba ne. Kamfanonin farar hula masu aiki da Chinook, irin su Columbia Helicopters, sun rage matsalar da tagogi masu kumburi, inda matuƙi ke zura kansa waje ya kalli ƙasa kai tsaye yana tuƙi. Dabara ce mai kyau, ƙwararru suna yin abin mamaki da ita, amma wuyan mutum a karkace na awoyi ba daidai yake da zama a kujera ana fuskantar aiki ba.

Shi ya sa manyan ayyukan saiti suka riƙa faɗawa hannun Skycrane. A 1975 shi ne ya ɗora eriyar hasumiyar CN ta birnin Toronto a Kanada, gunduwa-gunduwa, har ta kai mita 553, kuma aikin da aka ƙiyasta zai ci wata shida ya ƙare cikin mako uku da 'yan kwanaki. A watan Mayun 1993 shi ne ya sauko da mutum-mutumin tagulla mai kusan tan 7 da ke ƙololuwar ginin majalisar dokokin Amurka a Washington don a gyara shi, ya mayar da shi a watan Oktoba. Idan aikinka irin wannan ne, ba sai an ja magana ba, ƙugiya kake nema.

To me ya sa sojoji suka rabu da ita? Ai a yaƙin Biyetnam ta yi rawar gani. Tun 1965 da aka kai ta can, ta kwaso jirage sama da 380 da suka faɗi ko aka harbo, ta kai katafila kan tsaunuka don a share sansani, ta ɗauki igwa mai bakin milimita 155 wadda Chinook na lokacin ba ya iya ɗagawa, ta kai gunduwoyin gada bakin kogi. Har bam mai tan 4 da rabi aka riƙa rataya mata ta saki a kurmi don a buɗe filin sauka. Duk da haka 105 kacal aka ƙera wa sojan Amurka, daga baya aka miƙa su ga dakarun ko-ta-kwana na jihohi, kuma a farkon shekarun 1990 aka sallame su baki ɗaya. Chinook kuwa, da ya fara tashi a watan Satumban 1961, an ƙera sama da 1,200, kuma har yau ana ƙerawa.

Dalilin yana cikin yadda ranar soja take. Aikin ɗaga babban kaya guda ɗaya ba kullum yake samuwa ba. Abin da ake yi kullum shi ne kai sojoji talatin can, a dawo da masu rauni, a kai harsasai da abinci da magani, a kwaso mutanen da ambaliya ta tare. Jirgin da ba shi da ciki ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan yadda ya kamata, sai ya zauna a rumfa yana cin kuɗin gyara, matuƙansa suna jiran ranar da za a neme su. Sikorsky ya san da wannan, shi ya sa ya ƙera wani babban akwati da ake maƙalawa a ƙarƙashin ƙashin bayan, mai ɗaukar sojoji 45 ko majinyata 24 a kwance, ana kuma iya mayar da shi ɗakin tiyata ko ofishin kwamanda a dire shi a daji. A takarda abin gwanin sha'awa. A aikace, akwatin shi ma nauyi ne, dole a nema masa wurin ajiya, kuma dole ya kasance a inda ake bukatarsa a lokacin da ake bukatarsa. Jirgin da ya kai katafila gaba, aka ce masa ga masu rauni nan ka koma da su, akwatinsa yana can sansani. Chinook ko da ya rataya igwa a ƙasa, cikinsa yana tare da shi: masu harba igwar suna zaune a ciki, harsasansu a gefe, a dawowa kuma ya kwaso wanda ya ji ciwo.

Sannan Chinook bai tsaya inda yake ba. Samfurin farko ya gaza CH-54 nesa ba kusa ba, amma aka yi ta ƙara masa ƙarfin inji, har samfurin D da ya shiga aiki a 1982 ya zo da maratayi uku a ƙarƙashinsa, na tsakiya yana riƙe kusan tan 12. Daga ranar da mai ciki ya kamo ƙugiya a nauyin da ake ɗagawa, hujjar riƙe jirgi iri biyu, da makanikai iri biyu, da kayan gyara iri biyu, ta faɗi. Maratayi ukun nan ma suna da wani amfani: ana iya rataya kaya uku daban-daban a sauke su a wurare uku a tashi ɗaya, ko a ɗaure dogon kaya gaba da baya don kada ya riƙa lilo. Kuma da yake farfela biyu gare shi, ɗaya gaba ɗaya baya, suna juyawa saɓanin juna, ba ya bukatar ƙaramar farfelar wutsiya, ƙarfin injinsa duka a ɗagawa yake tafiya, kuma ba ya damuwa sosai da ta inda iska ke bugowa.

Wani zai ce wannan ra'ayin Amurkawa ne kawai. To a duba Sobiyet, waɗanda suka bi tasu hanyar suka faɗa wuri ɗaya. Mi-10 ya fara tashi a watan Yunin 1960, an ciro shi ne daga Mi-6, da injuna iri ɗaya da farfela mai faɗin mita 35. Ƙafafunsa dogaye ne har ƙasan cikinsa ya yi kusan mita 4 daga ƙasa, ta yadda zai tako ya tsaya a kan kaya, a ɗaure masa shi a kan wani faranti tsakanin ƙafafun. A bikin nunin jirage na Paris a 1965 motar bas sukutum aka nuna yana ɗauka. A kan farantin yana ɗaukar tan 12 zuwa 15, amma a igiya tan 8 kawai, kuma matuƙa ta allon talabijin suke kallon kayan. Daga baya aka yi Mi-10K, aka gajarta ƙafafun, aka sa ɗan ɗakin matuƙi mai kallon baya a ƙarƙashin hancinsa, ya koma ɗaukar tan 11 a igiya, ya kuma yi shekaru yana aikin gine-gine da na man fetur a Saberiya. Duka-duka, Mi-10 da Mi-10K, 55 aka ƙera. Mi-6 mai ciki, wanda aka ciro Mi-10 daga jikinsa, ya haura 900. Ƙasashe biyu da ba sa ga-maciji, kowace da nata injiniyoyi, suka gwada abu ɗaya suka yanke hukunci ɗaya. Amurka ma ta fara ƙera wata ƙugiyar da ta fi CH-54 girma, XCH-62, aka soke shirin a tsakiyar shekarun 1970 tun bai tashi ba.

Akwai kuma batun nisa da gudu, inda ƙugiya ke shan kashi. CH-54 yana tafiyar kilomita 170 a awa, kuma mansa bai wuce ya kai shi kilomita 370 ba. Chinook yana iya kaiwa 300 a awa, nisansa kuma ya ninka na CH-54. Sai dai a yi hattara da waɗannan alƙaluma, domin duk jirgin da ya rataya kaya a igiya dole ya rage gudu, in ba haka ba kayan ya fara lilo ko juyi, musamman mai faɗi marar nauyi irin kwantena. Idan lilon ya yi tsanani har ya fara jan jirgin, matuƙi ba shi da zaɓi sai ya danna maɓalli ya saki kayan, kome tsadarsa. Mai ciki yana da mafita: abin da zai shiga ciki a sa shi ciki, a rufe ƙofa, a yi gudu, ruwa bai taɓa shi ba, abokin gaba bai ga abin da aka ɗauko ba. Ƙugiya ba ta da wannan mafitar. Amma a ɗan gajeren zango, kilomita 2 ko 5 ko 10, ana kai-komo daga safe har yamma, rataya ta fi lodi sauri nesa ba kusa ba, domin jirgin ba ya ma sauka. Wannan shi ne abin da Jack Erickson ya gani a 1971 lokacin da ya fara kwashe gungumen itace da S-64, kuma a 1992 kamfaninsa ya sayi haƙƙin ƙera jirgin daga Sikorsky gaba ɗaya.

Kashe wutar daji ma aikin gajeren zango ne, shi ya sa tsohuwar ƙugiyar ta sami sabuwar sana'a. A gurbin cikin da babu ana maƙala tanki mai lita 10,000, da wani dogon tiyo da ake zurawa a tafki ko kogi, ya cika cikin ƙasa da minti ɗaya jirgin yana tsaye a sama. Italiya da Koriya ta Kudu sun sayi nasu, Girka da Ostireliya kuwa sun daɗe suna haya a lokacin zafi. Amma ko a nan Chinook ya biyo sawu, domin tsofaffin na soja da aka sayar wa 'yan kasuwa ana sa musu tanki a ciki mai kusan lita 11,000. Wanda kashe wuta kaɗai ya dame shi, ya kwatanta farashin haya da yawan zuwa-da-dawowa a awa, kada ya tsaya kan suna.

Yanzu ga kayan da ya haura tan 12 kuma ba ya rabuwa. A nan CH-54 da Chinook duk sun fita daga gasa, saura biyu: Mi-26 da CH-53K. Mi-26 ya fara tashi a watan Disambar 1977, ya shiga aiki a 1983, kuma har yau ba a ƙera wani helikwafta da yawa wanda ya fi shi ɗauka ba. Farfelarsa mai fukafukai takwas ce, faɗinta mita 32, injunansa biyu kowanne doki 11,400, cikinsa mita 12 a tsayi, yana ɗaukar tan 20 a ciki ko a igiya. Bayan girgizar ƙasar Sichuan a Sin a 2008, shi ne ya riƙa kai manyan motocin haƙa kan zaftarewar ƙasar da ta toshe kogi a Tangjiashan. Labarin da ya fi nuna matsayinsa kuwa na 2002 ne a Afganistan: wani Chinook na Amurka ya lalace a kan tsauni mai tsayin mita 2,600, ko da aka cire masa abin da za a iya cirewa nauyinsa tan 12 ne, kuma a wannan tsayin babu jirgin Amurka da zai iya ɗaga shi. Sai aka yi hayar Mi-26 a kan dala 300,000, ya zo ya ɗauke shi.

Wannan labarin yana ɗauke da darussa biyu ga mai zaɓe. Na farko, nauyin da aka rubuta a takardar talla na bakin teku ne a rana mai sanyi da ɗan mai kaɗan a tanki. Iska tana yin shara-shara idan an hau sama, haka ma idan zafi ya yi yawa, farfela ta rasa abin turawa, inji ya rasa abin shaƙa. Jirgin da aka ce tan 12 yana iya komawa 7 ko 8 a kan tudu da tsakar rana, kuma duk litar man da aka ƙara don nisa daga kaya ake cire ta. Shi ya sa masu wannan aiki suke son ɗaga mafi nauyin kayansu da sassafe. Na biyu, ƙasar da ta fi kowa yawan jirage ma haya ta yi da abin ya fi ƙarfinta, ba ta ce sai ta mallaki nata ba.

Mi-26 yana da nasa nauyin a wuyan mai shi. Yana shan mai kusan tan 3 a awa, iskar da farfelarsa ke turowa ƙasa tana yaye rufin gida ta kayar da mutum, kuma injinsa, D-136, a birnin Zaporizhzhia na Yukren aka riƙa ƙera shi alhali jirgin kansa a Rostov ta Rasha ake haɗa shi. Tun da ƙasashen biyu suka shiga rikici a 2014, balle yaƙin 2022 da takunkuman da suka biyo baya, samun kayan gyara ya zama abin lissafi. Aljeriya ta sayi sabon samfurinsa, amma Indiya, wadda ta daɗe da nata Mi-26, da ta tashi sabuntawa Chinook 15 ta saya a 2015. Girman cikin Mi-26 kuma yana jawo a wuce gona da iri: a watan Agustan 2002 an harbo wani a Khankala ta Checheniya, an cika shi fiye da ƙima, mutum 127 suka rasu a tashi ɗaya.

CH-53K shi ne sabon jini, ya fara tashi a 2015, injuna uku kowanne doki 7,500, yana rataya har tan 16, an kuma ƙera shi ya kai tan 12 nisan kilomita 200 ya dawo ko a zafi. Fukafukansa da wutsiyarsa suna naɗewa don ya shiga jirgin ruwan yaƙi, kuma kwamfuta ce ke taya matuƙi riƙe shi cak a iska, abin da ya rage tazarar da ke tsakaninsa da ƙugiya a aikin saiti. Matsalarsa kuɗi: guda ɗaya ya doshi dala miliyan 100. Isra'ila ta saya, amma Jamus, wadda ta shafe shekaru hamsin da tsohon CH-53, da aka ajiye mata shi da Chinook a 2022, Chinook 60 ta ɗauka. Wanda ba daga jirgin ruwa zai riƙa tashi ba, kuma kayansa ba su cika wuce tan 10 ba, zai biya kuɗin abin da ba zai mora ba.

Hukuncina ke nan. Rundunar da za ta sayi babban helikwafta iri ɗaya tak, ta sayi mai ciki, kuma a cikin masu ciki Chinook ne ya fi sauƙin riƙewa, ba don ya fi kowa ƙarfi ba, sai don kusan ƙasashe ashirin suna aiki da shi, har da Masar da Maroko, ana ci gaba da ƙera shi, kuma makanikai da kayan gyara da wuraren horo suna nan birjik. Sayen ƙugiya zalla ga soja a yau kuskure ne, kuma ko an so ma babu sabuwa ta soja a kasuwa. Kamfani ko ma'aikatar da ke da aikin turakun lantarki a tsaunuka, ko ɗora injunan sanyaya iska a kan dogon gini, ko haɗa hasumiya, ta yi hayar S-64 da matuƙansa na tsawon aikin, domin rabin abin da ake biya ƙwarewar mutumin kujerar baya ce, kuma ba a koyonta a wata shida. Saye ba ya biyan kansa sai ga mai aikin da zai riƙe jirgin a sama watanni da yawa kowace shekara, irin hukumomin gandun dajin da wuta ke addabarsu duk bazara, domin jirgi ne mai shan kusan lita 2,000 a awa, ƙirarsa ta shekarun 1960 ce, kuma waɗanda suka rage a duniya ba su da yawa. Mai kaya guda da ya haura tan 12, ya fara zama da injiniyoyinsa su duba ko zai rabu biyu. Sau da yawa kwance katafila gida biyu a ɗauka sau biyu ya fi araha a kan nemo Mi-26 daga wata nahiya. In ba ya rabuwa, to sai Mi-26, a kuma tambayi mai shi tun kafin a sa hannu awa nawa suka rage wa injunansa kafin babban gyara.

Kowanne aka ɗauka, a bukaci mai jirgin ya kawo lissafinsa a rubuce bisa tsayin wurin aikin, da zafin watan da za a yi shi, da nisan wurin shan mai, ba bisa takardar talla ba. A auna kayan a kan sikeli, kada a dogara da abin da aka rubuta a jikinsa, domin laka da mai da ruwan da ya taru a ciki duk nauyi ne. A share wurin ɗauka da wurin saukewa daga kwano da tamfol da duk abin da iska za ta iya ɗagawa, a yayyafa ruwa in ƙasar mai ƙura ce, don kada matuƙi ya rasa ganin ƙasa a daidai lokacin da ya fi bukatar ganinta. Mutanen ƙasa kuma a horar da su tun kafin jirgi ya iso: farfela tana tara wutar lantarki a jikin jirgin, kuma maratayin da ke saukowa yana iya jefar da mutum in ya kama shi da hannu kafin a taɓa shi da sandar da aka haɗa da ƙasa.